ƁOYE ƘIDIDDIGAR ANNOBA CIN AMANA NE

(Matanin laccar da aka gabatar a zaman ƙara wa juna ilmi na wata-wata. Mun kawo ta domin amfanin 'yan'uwan da ba su samu halarta ba.)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda babu abin da ke ɓuya gare Shi a sama ko a ƙasa, wanda Yake jarraba bayinSa da lafiya da cuta domin Ya bayyana mai gaskiya daga maƙaryaci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da aka ɗora mana mu yi bayani a kansa a yau shi ne yadda hukumomi ke sanar da jama'a adadin waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu a lokacin annoba, da ingancin wannan sanarwa, da kuma hukuncin ɓoye ta ko tauye ta. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa majalisin da aka kafa domin karantar da Tauhidi da Sunna da lissafin ma'aikatar lafiya? Amsar ita ce, wannan da'awa tamu tun asalinta kira ce zuwa ga hujja. Mun ce wa mutane kada su karɓi magana a addini sai da dalili. Wanda ya koyi neman dalili a kan alwalarsa da sallarsa, bai dace ya zama mai haɗiye duk abin da aka faɗa masa a kan ransa da ran iyalinsa ba, alhali kare rai yana cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin ta tsare.

HUKUNCIN ANNOBA YANA RATAYE NE DA LABARI

A shekara ta 18 bayan Hijira annoba ta ɓarke a ƙasar Sham, wadda tarihi ya sani da annobar Amwas. Sarkin Musulmi Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya kama hanyar Sham, da ya iso wani wuri da ake kira Sarga sai shugabannin rundunoni suka tarye shi, cikinsu har da Abu Ubaida ɗan Jarrah (RA), suka shaida masa halin da ƙasar ke ciki. Umar ya shawarci Muhajirai, ya shawarci Ansaru, ya shawarci dattawan Ƙuraishawa, sa'an nan ya yanke shawarar komawa Madina. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya iso, ya ba su labarin abin da ya ji daga Manzon Allah (SAW), cewa ya hana wanda ya ji labarin annoba a wata ƙasa ya shiga cikinta, ya kuma hana wanda ta tarar a cikinta ya fita domin gudunta. Buhari da Muslim duk sun ruwaito wannan ƙissa.

Mu lura da abu biyu a nan. Na farko, gwamnonin Sham ba su ɓoye wa Halifa komai ba. Ba su ji tsoron a ce sun gaza ba, ba su yi tunanin kasuwancin Dimashƙa zai tsaya ba. Na biyu, wanda kuma shi ne ginshiƙin laccarmu, hukuncin da Annabi (SAW) ya ba da ya rataya shi ne a kan jin labari. Wanda bai ji ba, ta yaya zai ƙi shiga? Wanda aka ce masa garinsa lafiya lau, ta yaya zai san cewa fitarsa kai wa wasu cuta ne? Malaman Usulu suna da ƙa'ida cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma wajibi ne. Saboda haka isar da sahihin labarin annoba ga jama'a wajibi ne a kan wanda Allah Ya ɗora wa jagoranci, kuma wanda ya ɓoye shi ya toshe wa Musulmi hanyar aiki da wata Sunna tabbatacciya.

Ƙidaya kuwa ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Ya tabbata a Buhari daga Huzaifa (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umurni a rubuta masa waɗanda suka shiga Musulunci, aka rubuta mutum 1,500. Umar (RA) ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane gida-gida domin rabon haƙƙinsu daga baitulmali. A zamanin Mamalik a Masar, marubuta tarihi irin su Maƙrizi sukan kawo adadin mamatan annoba daga littafin diwanin gado na hukuma, su kuma kawo adadin gawarwakin da aka ƙirga a wuraren sallar jana'iza, kuma sau da yawa na wuraren jana'izar ya fi na diwani yawa. Ashe tun wancan zamani malamai sun gane cewa littafin hukuma daban, abin da ke shiga maƙabarta daban, sai an gwama su kafin a kusanci gaskiya.

ISNADIN ALƘALUMA

Allah (SWT) Ya umurce mu a cikin Suratul Hujurat, aya ta 6, da mu yi bincike a kan labari kafin mu yi aiki da shi, domin kada mu cuci wasu bisa jahilci. A kan wannan tushe ne magabata suka gina ilmin isnadi, wanda babu al'ummar da ta riga mu zuwa gare shi. Ba a karɓar hadisi sai an tambayi wanda ya faɗa, da wanda ya ji daga gare shi, da amanarsa, da ƙarfin haddarsa. Lalle adadin da hukuma ke karantawa a rediyo shi ma labari ne, kuma yana da isnadinsa.

Idan aka ce mana yau mutum 20 ne suka kamu a jiha kaza, sai mu tambaya: mutum nawa aka gwada? Domin 20 daga cikin 50 annoba ce mai ci kamar wutar daji, 20 daga cikin 5,000 kuwa wani al'amari ne dabam. Sai mu tambaya: yaushe aka ɗebi samfurin? Domin sakamakon da ya kwana bakwai a hanya labarin makon jiya yake bayarwa. Sai mu tambaya: wa ake ƙirgawa a cikin mamata? Idan sai wanda aka gwada aka tabbatar kafin ya cika, to duk wanda ya rasu a ɗakinsa aka yi masa sutura kafin Azahar ba zai taɓa shiga lissafi ba. Daga nan sai mu gane cewa adadi yana iya zama gaskiya a lafazinsa amma ya ɓatar da mai saurare, kamar mai ruwayar da ya faɗi rabin hadisi ya bar rabin da ke ɗauke da hukunci.

Hanyar da masana suka fi dogara da ita wajen gano haƙiƙanin ɓarnar annoba ita ce a duba yawan mutanen da aka saba rasawa a irin wannan wata a shekarun baya, a gwama da na shekarar annoba. Abin da ya ƙaru shi ne sawun annobar. Da wannan ma'auni ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a watan Mayun 2022 cewa kimanin mutum miliyan 14.9 ne suka rasu a duniya ta dalilin korona a shekarun 2020 da 2021, alhali abin da gwamnatoci suka ba da rahoto bai wuce miliyan 5.4 ba. Sai dai wannan ma'auni ba ya aiki sai a ƙasar da ake rubuta mutuwa. A Nijeriya kuwa, duk da akwai dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa tun 1992, kuma aikin yana hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kimanin kashi 10 cikin 100 na mace-mace ne aka yi wa rajista a 2017.

ABIN DA YA FARU A KANO

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. A lokacin ɗakunan gwajin da ke iya gano cutar a faɗin ƙasar biyar ne, babu ko ɗaya a Arewa in ban da na Abuja. Adalci ne mu faɗi cewa hukumar NCDC, mai kula da daƙile cututtuka masu yaɗuwa, ta riƙa fitar da adadi jiha-jiha kowane dare, kuma wannan abin yabawa ne wanda ba a saba gani ba a ƙasar nan. Amma hukumar ba ta iya sanar da abin da ba a gwada ba, ba ta kuma iya sanar da abin da jihohi ba su aiko mata ba.

An sanar da mutum na farko a Kano ranar 11 ga Afrilu. Kafin watan ya ƙare, daidai shigowar azumin Ramalana, masu haƙar kabari a maƙabartun birnin suka fara cewa yawan gawarwakin da ake kawo musu ya wuce abin da suka saba gani. Jaridu suka ɗauka. Dattawa suka riƙa faɗuwa, cikinsu har da manyan malaman jami'a da tsofaffin ma'aikata da masu sarauta. A daidai wannan lokaci ne ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya dakatar da aiki na wasu kwanaki, ta yadda adadin Kano a allon hukuma ya tsaya cik alhali kaburbura suna ƙaruwa. Gwamnatin jihar ta danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umurnin kulle Kano na mako biyu, aka kuma aiko da tawagar bincike daga Abuja.

Da yake babu gwaji kuma an riga an binne mamatan, sai masu binciken suka bi gida-gida suna tambayar iyalai alamomin da mamaci ya nuna kafin rasuwarsa. Ranar 8 ga Yuni, 2020, Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an gano mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 daga ciki mai yiwuwa korona ce ta jawo su ko ta tunzura su. A daidai wannan lokaci, adadin mamatan korona na Kano a allon hukuma bai kai 100 ba. An kuma ji makamancin wannan kuka daga Azare da Haɗeja da Potiskum.

Ya 'yan'uwa, ku dubi abin da duhun labari ya haifar. A cikin waɗannan makonni ne gwamnonin Arewa suka shiga kwasar almajirai a manyan motoci suna mayar da su jihohinsu na asali. Da aka gwada waɗanda aka kai Kaduna da Jigawa da wasu jihohi, sai aka sami da yawa daga cikinsu ɗauke da cutar. Wato an fitar da yara daga garin da annoba ke ci an watsa su cikin ƙauyuka, wanda shi ne ainihin abin da Manzon Allah (SAW) ya hana. Da a ce an san girman abin da ke Kano, kuma an faɗe shi a fili, da wuya wannan aiki ya samu mai goyon baya.

A Jihar Kogi kuwa, gwamnati ta dage cewa babu cutar a jiharta, har jami'an da aka aika daga Abuja a watan Mayun 2020 suka juyo ba su yi gwaji ba. Annobar ta zo ta wuce, mutum 5 kacal aka rubuta wa jihar. Binciken jini da hukumomin lafiya na tarayya suka gudanar a ƙarshen 2020 ya nuna cewa kimanin kashi 23 cikin 100 na mutanen Legas da Inugu, da kashi 19 na Nasarawa, da kashi 9 na Gombe sun riga sun kamu, a lokacin da adadin da aka tabbatar a ƙasar baki ɗaya bai kai 70,000 ba. Gaskiya ne yawan matasa a cikinmu ya sa cutar ba ta yi mana kisan da ta yi wa Turai ba, kuma muna gode wa Allah a kan haka. Amma wanda ya ɗauki mamata 3,155 da ke rubuce a littafin hukuma a matsayin iyakar abin da Nijeriya ta rasa, to bai saurari masu haƙar kabarin Kano ba.

Ba mu kaɗai wannan ciwo ya kama ba. A Sin, an gargaɗi likitan nan Li Wenliang a kan ya faɗakar da abokan aikinsa, daga baya cutar ta kashe shi a Fabrairun 2020. Tanzaniya ta daina fitar da adadi a kan mutum 509, ta yi shiru fiye da shekara guda. A Barazil gwamnati ta cire jimillar adadi daga shafinta a watan Yunin 2020, sai da kotun ƙoli ta tilasta mata mayarwa. Ƙasar Peru kuwa ta sake lissafinta a 2021, ta ɗaga adadin mamatanta daga kimanin 69,000 zuwa sama da 180,000, kuma wannan gyara abin a yaba mata ne, domin komawa ga gaskiya ya fi dogewa a kan kuskure.

SHUBUHAR MASU ƁOYEWA

Masu ɓoyewa sukan ce suna gudun firgita jama'a ne, wasu ma har su kafa hujja da aya ta 83 a Suratun Nisa'i, wadda ta zargi masu yayata labarin aminci ko na tsoro ba tare da sun mayar da shi ga Manzo da ma'abota al'amari ba. Sai mu ce, ayar tana tsawata wa masu jita-jita ne, tana tura su ga waɗanda za su tantance labarin su fito da haƙiƙaninsa. Ta ɗora wa shugabanni nauyin bayani ke nan, ba ta ba su izinin rufewa ba. Kuma Allah Ya hana ɓoye shaida a aya ta 283 ta Suratul Baƙara, Ya siffanta zuciyar mai ɓoye ta da zunubi. Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya tura hannunsa cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya yi masa inkari mai tsanani, ya kira aikin algus. Idan wannan shi ne hukuncin wanda ya ɓoye aibin hatsi, to ina ga wanda ya ɓoye aibin da ke cin rayuka?

Sa'an nan ɓoyewa ba ta hana tsoro, sai dai ta kashe yarda. Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Mutanen Arewa ba su manta da shekarar 1996 ba, lokacin da sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 ya kashe sama da 11,000, kamfanin Pfizer kuma ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, aka yi ta shari'a shekara da shekaru a kan ko iyayen sun san abin da ake yi wa 'ya'yansu. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Shi ne kuma ya taimaka wajen sa matasa suna yawo a 2020 suna cewa babu korona. Wanda aka ɓoye masa gaskiya sau ɗaya, ranar da aka zo masa da ita ba zai karɓa ba.

Ku gwama wannan da abin da ya faru a 2014, sa'ad da wani matafiyi ya shigo Legas da cutar Ebola. An faɗi gaskiya tun ranar farko, an bi sawun kusan mutum 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar, aka tsaya a kan mutum 20 da suka kamu da 8 da suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba na shekarar aka bayyana ƙasar ta kuɓuta.

NAUYIN DA KE KAN KOWA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona a watan Mayun 2023, amma annoba ba ta ƙare ba. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan ya kashe sama da 3,500, akasarinsu a Arewa. A 2023 mashaƙo ya yi ɓarna a cikin yara, Kano ce kuma ta fi jin jiki. Don haka muna kira kamar haka:

Na farko, ga hukumomi. Su ji tsoron Allah a kan amanar da Ya umurta a mayar ga ma'abotanta a aya ta 58 ta Suratun Nisa'i. Duk lokacin da za a faɗi adadin masu cuta, a faɗi adadin waɗanda aka gwada tare da shi, a rarraba shi ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a kuma karanta shi da Hausa a gidajen rediyo. In an gano kuskure a gyara a fili. Kada a tsangwami likita ko ɗan jarida ko mai haƙar kabari don ya faɗi abin da idonsa ya gani. Nijeriya tana cikin ƙasashen da dokokin lafiya na duniya na 2005 suka wajabta wa sanar da ɓarkewar irin waɗannan cututtuka cikin awa 24 bayan tantancewa, kuma Musulmi mai cika alkawari ne.

Na biyu, ga malamai da limamai. Mimbari ba wurin ƙaryata abin da ba a bincika ba ne, ba kuma wurin yaɗa abin da aka tsinta a waya ba ne. A koya wa jama'a cewa kamuwa da annoba ba abin kunya ba ne, har ma ya tabbata cewa wanda annoba ta kashe yana cikin shahidai. Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal (RA) annobar Amwas ce ajalinsu, kuma babu wanda ya ɓoye wannan a tarihinsu. Iyalin da suka ɓoye ciwon mamacinsu don gudun surutu sun jefa masu wanka da masu ta'aziyya cikin hatsari.

Na uku, ga rassanmu da 'yan agajinmu. Kusan kowace gawa a unguwanninmu ta hannun masallaci take bi kafin ta isa kabari. Abu ne mai sauƙi kowane reshe ya ajiye littafi guda, a rubuta ranar rasuwa, da shekarun mamaci, da jinsinsa, da unguwarsa, da irin ciwon da iyalinsa suka ambata, tare da kiyaye sirrin mutane. A haɗa kai da kwamitocin maƙabartu, a tattara adadin duk ƙarshen wata, a miƙa wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a kuma ƙarfafa wa magada su karɓi takardar shaidar mutuwa, wadda za ta amfane su ma wajen rabon gado. Reshen da ya san cewa jana'iza 10 yake yi a wata, ranar da ta koma 30 zai gane tun kafin kowa, kuma maganarsa za ta zama da hujja.

Na huɗu, ga 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya da lauyoyi da 'yan jarida. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga ma'aikatun gwamnati, ta kuma ɗibar musu kwana 7 su ba da amsa. A yi amfani da ita cikin ladabi da hikima, domin nasiha ga shugabanni tana cikin addini. Wanda kuma aka umurce shi a wurin aiki ya rage adadi ko ya ƙara, ya tuna cewa babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓa wa Mahalicci.

Muna roƙon Allah (SWT) Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a wannan annoba, waɗanda aka rubuta da waɗanda ba a rubuta ba, Ya karɓi shahadarsu. Ya ba shugabanninmu ikon faɗin gaskiya ko da tana da ɗaci, Ya ba mu ikon karɓarta da aiki da ita. Ya kare mu daga annoba da fitinu, na fili da na ɓoye. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne kuma Mafi sani.